Mayar da tsohuwar tukunyar gas murhun gasa nama da hayaƙi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gasa kaji da naman rago a Tudun Wada, Zariya. Na sayi tsohuwar tukunyar gas mai kilo 50 a wajen 'yan gwangwan, ina so mai walda ya haɗa mini murhun da hayaƙi zai dafa nama ba tare da wuta ta taɓa shi ba. Ta ina za mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi dace, domin jikin tukunyar gas ya fi na duro kauri nesa ba kusa ba, kuma kaurin nan ne ke riƙe zafi, musamman da hunturu. Sai dai kada mai walda ya kusance ta da wuta tukuna. Tukunyar da ake cewa ta ƙare tana nan da ragowar gas, tartsatsi ɗaya ya isa ta fashe. A kai ta fili, a buɗe kanta har hucin ya tsaya, a kwance kan gaba ɗaya, a cika ta da ruwa da omo har ya tumbatsa. Ta kwana biyu haka, a zubar, a sake cikawa. Yankan farko da ruwan a ciki za a yi shi. Tankin da aka shafe da tutiya kuwa, wato farin ƙarfen nan da ake shafa wa kwanon rufi, ko duron da ya taɓa ɗaukar maganin feshi, ko kyauta aka ba ka ka bar shi, gubarsa nama za ta shiga.

Za a kwantar da tukunyar a kan ƙafafu huɗu daidai ƙugunka. Wajen fitar da ƙofa ne aka fi yin ɓarna: ƙarfen da aka lanƙwasa yakan buɗe da zarar an yanke shi, ƙofar ta ƙi zama. Maganinsa, a yanka layin sama, a liƙa hinji, a bar kusurwoyi huɗun sai a ƙarshe. Bayan nan a zagaye bakin ƙofar da falalen ƙarfe mai faɗin inci ɗaya don ya toshe kafar hayaƙi, kuma a riƙa ɗiga waldar nan da can. Dogon walda a jere yana karkatar da ƙarfe.

Gidan wuta, wato inda ice zai ci, daban yake, da wata ƙaramar tukunyar gas za a yi shi. Ana so ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na babbar tukunyar. Mai kilo 12.5 ta ɗan gaza haka, za ta yi aiki, amma za ka yawaita ƙara ice. Ita ma sai an wanke ta kamar ta farko. A liƙa ta a ƙarshe ɗaya na babbar tukunyar, ƙasa da matakin ragar nama, a yi mata 'yar taga mai zamewa ta shan iska. A ɗaya ƙarshen a kafa bututun fitar hayaƙi mai faɗin inci 4, tsawo kamar santimita 70, bakinsa daidai da ragar. Idan aka huda shi can sama, zafi zai bi rufi ya fice, naman na ƙasa bai sani ba. A sa farantin ƙarfe a mashigar wuta don kada naman da ke kusa ya ƙone, a kuma huda ƙaramin rami a ƙasa inda kitse zai ɗiga cikin gwangwani.

Kafin nama ya shiga, a hura wuta mai ƙarfi ta cinye tsohon fenti, a kankare, a shafe ciki da man gyaɗa, a sake hurawa na awa biyu ko uku. Wannan shafin ne zai tsare ta daga tsatsa da damina.

Fara da gawayi, ka riƙa ɗora busasshen icen mangwaro, ƙirya ko marke ƙanana-ƙanana. Banda katako mai fenti, banda ɗanyen ice. Zafi ya tsaya tsakanin digiri 110 da 130 na Salshiyas, a sa ma'auni daidai raga. Hayaƙin da ake nema siriri ne mai ɗan shuɗi. In ka ga fari mai kauri, wuta ce ba ta samun iska, kuma shi ke sa nama ɗaci. Bututu a buɗe koyaushe, da tagar gidan wuta ake rage zafi. Kaza sai tsakiyar cinyarta ya kai digiri 74 za a sauke, cinyar rago kuwa ka ba ta awa biyar zuwa shida, kuma ka rage ɗaga ƙofa.