Tun da aka yi bene a bayanmu iska ta daina shigowa ɗakina

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Injiniya. Muna haya a Agege, irin gidan nan mai ɗakuna suna kallon juna da dogon baranda a tsakiya. A da, da la'asar ta yi sai iska ta fara kaɗa mini labule. Bara aka gina bene mai hawa uku a bayanmu, tun daga nan ɗakin ba ya zaunuwa da rana, da dare kuma warin hayaƙin janareto, ga yarana biyu ba sa rabuwa da tari. Maigidana ya ce zafin Legas ne kawai ya ƙaru. Wai bene ɗaya zai iya tare iska haka? Daga wata uwa a Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki ba maigida haƙuri, amma a wannan karon ke ce da gaskiya.

Iskar Legas tana da hanyarta. Mafi yawan shekara daga teku take tasowa, ta kudu maso yamma. Da rana ƙasa takan riga ruwa ɗaukar zafi, iskar da ke kanta ta yi sama, sai ta teku mai sanyi ta shigo ta cike gurbin. Ita ce take kaɗa miki labule da la'asar. Sai a hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, take juyowa ta arewa maso gabas da hazo, shi ma ba ya kai na Kano ko Sakkwato. To in benen nan yana kudu ko yamma da ke, a kan hanyarta ya zauna daram. Iska in ta ci karo da bango takan haura ta sama, ta zagaya ta gefe, kamar yadda ruwan kwata yake kauce wa dutse ya bar shara tana taruwa a bayansa. Wurin nan na bayan gini da iska ta mutu yakan kai ninkin tsayin ginin fiye da sau ɗaya, kuma gidanku mai hawa ɗaya a cikinsa yake.

Amma zafin ba shi ya fi damuna ba. Lungun da ke tsakanin bangonku da na benen shi ne matsalar. Dokar gini a Legas ta ce a bar tazara tsakanin gini da iyakar fili, sai dai kowa ya san yadda ake yi: fili ya yi tsada, mai gini yana son ƙarin ɗaki ɗaya na haya, sai ya ci har bakin katanga. A irin wannan matsattsen lungu iskar da ke wucewa ta sama ba ta sauka ta share shi, sai dai ta sa ta ciki ta yi ta juyawa wuri ɗaya. Duk wanda ya ratsa Idumota ko Balogun da tsakar rana ya shaƙi wannan: benaye dama da hagu, danfo da Keke Napep a tsakiya, hayaƙi ya rasa mafita. Kuma na tabbata a lungun nan 'yan haya suke jera janaretocinsu, don gudun ɓarawo da ruwan sama, salansa tana kallon tagarki. Da dare iskar teku takan lafa, ƙasa ta huce, hayaƙin ya kwanta ƙasa-ƙasa har hantsi. Daidai lokacin ne kuma aka ɗauke wuta kowa ya ja igiya.

Warin da kike ji ma da sauƙi. Akwai guba a hayaƙin nan, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, ita ce take kashe iyali gaba ɗaya suna barci. Ciwon kai da jiri da asuba alamarta ce, kada a yi wasa da su. Wani bincike da Bankin Duniya ya fitar a 2020 ya kiyasta cewa gurɓatar iska ta jawo mutuwar mutum kusan 11,200 a Legas a shekarar 2018 kaɗai, kuma kusan kashi 60 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Motoci ne kan gaba, ga masana'antu da janareto. Saboda haka ki kai yaran asibiti, ki gaya wa likita inda suke kwana, kar ki tsaya ga maganin tari na kemis.

Benen dai ba za ki rushe shi ba. A Hong Kong, bayan annobar cutar numfashi ta SARS a 2003, sai da gwamnati ta fara auna yadda manyan gine-ginenta za su tare iska kafin a aza tubali. Mu ba mu kai nan ba tukuna, don haka mu koma ga abin da ke hannunki.

Fara da janareto. Maigida ya tara 'yan uwansa 'yan haya da mai kula da gida, a nemi wuri a fili, nesa da kowace taga, ko da za a haɗa kuɗi a yi masa keji da kwaɗo. In na benen ne ke damunku kuma lallashi ya ƙi, hukumar kare muhalli ta jihar, LASEPA, tana karɓar ƙorafin hayaƙi da ƙara.

Sai ɗakin kansa. Iska ba ta shiga inda ba ta da mafita, shi ya sa taga ɗaya, komai girmanta, ba ta wadatarwa in ƙofa na rufe. Barandan tsakiyar gidanku shi ne hanyar da ta rage muku, amma na san yadda yake: duro, bokitai, risho, igiyar shanya, ƙofar baya a kulle tun bara. A buɗe ƙofar gaba da ta baya da la'asar, a rage tarkacen. In akwai 'yar taga a saman ƙofarki da aka toshe da kwali, cire shi, don iska mai zafi sama take taruwa. Fankar sama ba ta kawo sabuwar iska, tsohuwar take juyawa. Ki ɗora ta tsaye a bakin tagar lungu tana hurawa waje, ƙofa a buɗe, sai ta jawo miki ta baranda. Ragar sauron tagar ma ki wanke ta da buroshi, ƙurar da ta toshe ta tana rage iska sosai. Gawayi kuwa kada ya shiga ɗaki, ko da ruwa ake tsugawa.

In hayar ta kusa ƙarewa kuma kuna da halin tashi, kada ku je duba ɗaki da safe. Ku je wajen ƙarfe huɗu na yamma, ku buɗe taga da ƙofa, ki riƙe gefen mayafinki ki ga ko zai motsa, sannan maigida ya leƙa lungu ya ƙirga janareto nawa ke ciki.