Ga mai tambaya kan kwas ɗin dabarun sadarwa da tsoron magana a gaban jama'a

Ƙanwata, na karanta tambayarki sau biyu, don kamar da bakina kika yi ta. Kin ce an sa muku kwas ɗin dabarun sadarwa a zango mai zuwa, ke kuwa ko sunanki aka ce ki faɗa a aji sai muryarki ta kama rawa, kina so ki ji ko kwas ɗin zai raba ki da wannan tsoro. Ni na yi shi a shekarata ta farko a jami'a, kuma har yau in aka miƙo mini makirufo sai gabana ya faɗi. Sai dai yanzu faɗuwar gaban ba ta hana ni buɗe baki.

Da malaminmu ya ce kowa zai fito ya yi magana ta minti biyu, kwana na yi ina haddace abin da na rubuta, kalma bayan kalma. Na fito, jimla uku suka tafi lafiya lau. Sai wani ya yi tari daga baya, na ɗaga kai, shi ke nan komai ya goge. Na tsaya ƙiƙam, baki ya bushe, takardar hannuna tana kaɗawa. A raina na yi minti guda cur a haka, kuma kowa ya ga asirina ya tonu.

To malamin yana ɗaukar kowa bidiyo da waya, kuma dole ka kalli naka. Sai da na yi kwana biyu kafin na iya buɗe nawa. Shirun da na ɗauka minti guda ne bai kai daƙiƙa goma ba. Rawar hannun ma da ƙyar ake ganinta, fuskata kuwa kamar ta mai tunanin abin da zai faɗa a gaba. Daga baya na gano masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da lura da wannan. A 2003 wasu biyu a Amurka, Kenneth Savitsky da Thomas Gilovich, sun nuna cewa mai jawabi yana zaton tsoronsa ya fito fili fiye da yadda masu sauraro suke gani, kuma waɗanda aka sanar da su haka kafin su hau sun fi yin jawabi mai kyau. A duk kwas ɗin babu abin da ya amfane ni kamar wannan bidiyon.

Daga nan malamin ya hana mu fitowa da cikakken rubutu. Ƙaramin kati kawai, mai ɗauke da maganganu uku ko huɗu, kowace a kalma biyu zuwa uku. Hujjarsa ita ce wanda ya haddace jawabi, in kalma ɗaya ta suɓuce masa sauran sai su bi ta, amma wanda ya san abin da yake son faɗa zai samo wata kalmar. Jimlar farko da ta ƙarshe kaɗai nake haddacewa yanzu, saboda a farkon ne jiki ya fi tsuma. Sinadarin adiranalin ne yake aikinsa: zuciya ta yi sauri, yawu ya ɗauke, hannu ya yi zufa, tamkar za ka gudu daga haɗari. A wajena in na tsallake mintin farko abin yakan lafa. Kafin a kira sunana nakan ja numfashi in sake shi a hankali, sakin ya fi jan tsawo.

Akwai ɓangaren karatu ma. Za a kawo muku Aristotle, masanin falsafar Girka na zamanin da, da hanyoyinsa uku na shawo kan mai sauraro: a yarda da mutuncin mai magana, a taɓa zuciyar jama'a, a kawo hujja. Wannan ki riƙe shi, yana da amfani wajen tsara magana. Amma in kika ci karo da maganar nan cewa kalmomi kashi 7 cikin ɗari ne kacal na saƙo, murya 38, fuska 55, kada ki ɗauke ta yadda ake yaɗa ta. Gwajin Albert Mehrabian na 1967, wanda daga shi aka samo waɗannan alƙaluman, a kan furta kalma ɗaya ne da yadda ake gane so ko ƙi a cikinta. Na ga ɗalibai sun duƙufa koyon yarfa hannu da kafe mutane da ido, suka fito ba su da abin cewa.

Inda kwas ɗin ya gaza a wajenmu shi ne yawa. Ajin ya cika maƙil, a zango guda sau biyu kacal na tsaya a gaba, kuma sau biyu ba ya saba wa jiki da komai. Sai mu biyar muka riƙa haɗuwa kowane mako a ajin da babu kowa. Kowa minti uku, ɗaya yana duba agogo, ɗaya yana ƙirga kalmomin cike gurbi. Tawa "wato" ce, abokaina har suna suka laƙaba mini da ita. Ƙungiyar koyon magana a gaban jama'a ta Toastmasters da aka kafa a Amurka a 1924 ma haka take yi, a zamanta akwai mai aikin ƙirga irin waɗannan kalmomin. Mun sa doka cewa mai gyara zai faɗi abu ɗaya da ya yi kyau da abu ɗaya da za a gyara, kada ya wuce haka, don in aka zubo wa mai tsoro kurakurai goma ba zai dawo ba.

Saboda haka ki yi kwas ɗin, ki nemi mutum uku ko huɗu tun makon farko. Ranar jawabi ki ɗaga hannu cikin waɗanda za su fara, don zaman jira ya fi tsayuwar wahala, na gwada duka biyun. Bidiyonki na farko kuma kada ki goge shi duk yadda ya ba ki kunya. Nawa yana nan, kuma a cikin minti biyun nan na ƙirga "wato" goma sha ɗaya.