Amsa: Naɗin takardar fiyano da ya ƙi shiga

Malam, ka ce ka sayo tsofaffin naɗin takarda na fiyano mai kaɗa kansa amma wasu sun ƙi zama daidai, wasu kuma sautin ya fito a hargitse. To ina ga matsalar ramukan da ke jikin takardar ce ba fiyanon ba. Kafin 1908 yawancinsu na sauti 65 ne, ramuka shida a inci ɗaya, sai aka yi taro a Buffalo ta Amurka aka daidaita kan sauti 88, ramuka tara a inci. Ɗauki rula ka ƙirga kawai.

Fiyanon iska yake zuƙa fa, kana taka feda kamar mai keken ɗinki zugazugin ciki na ja, duk inda rami ya zo kan ƙarfe mai ƙofofi da takardar ke bi ta kansa sai guduma ta buga, shi yasa ko ɗan yagewa a gefe ya ishe shi ɓata waƙa gaba ɗaya. Kar ka liƙa da salatif wallahi, daga baya cin takardar yake.

In ka ga an rubuta Duo-Art ko Ampico (sunayen wasu nau'o'in naɗin ne) a kwalin, riƙe da kyau, ni su na fi so. Na kamfanin QRS kuwa ba sa wahalar samu. Ka ajiye su inda ba danshi.