Tsohon magagari zai yi kurfi?

Ƙanena, ka ce ka samo tsohon magagarin mahaifinka, haƙoransa sun cinye, kana so ka mai da shi kurfi, sai dai ka kasa tsai da shawara ko kusurwar bakin ta zama digiri 25 ko 30. Na ga ƴan'uwa sun tasa ka gaba da tsokana, har wani ya ce za ka sayi ma'aunin jaka biyar saboda ƙarfen dala ashirin. An yi dariya, amma tambayarka ta cancanci amsa.

Zai yi, kuma kurfi mai kyau. Digiri 25 ya fi shiga itace mai laushi, 30 ya fi jurewa idan za ka riƙa bugu da guduma. Ɗauki 30 ka wuce wurin.

Inda aikin yake shi ne wuta. Magagari ƙarfe ne mai tauri ƙwarai, kuma taurin nan ne ke sa shi saurin karyewa. In ka wasa shi haka nan ka ɗora masa guduma, zai iya tsagewa, ɓarɓashi ya nufi ido. Na ga wanda hakan ta sama, ba na so ka gwada.

Fara goga shi a injin wasa ka dubi tartsatsin. In suna fita da yawa, suna fashewa a ƙarshe, ƙarfen na gari ne. Wasu magagarai masu araha, bayansu kaɗai ke da tauri, cikin ba komai. Daga nan a sa shi a gawayi har ya yi ja, a binne cikin toka ya kwana. Da safe ya yi laushi. Ka share haƙoran duka inda bakin zai zauna, domin ta nan tsaga take farawa.

In ka gama fitar da siffa, sai a sake zuga har maganaɗisu ya daina kama shi, wajen digiri 770 na zafi ke nan, a ƙara kaɗan, a tsoma bakin cikin man gyaɗa mai ɗumi. Ni na fi yarda da mai, ruwa yakan fasa shi. Sannan ka goge bakin ya yi fari, ka ɗumama daga baya a hankali kana kallo. Launi zai riƙa gangarowa. Da bakin ya yi launin busasshen karan gero, ka tsoma. In ya kai shuɗi ya wuce, sai an sake.

Tunda karon farko ne, kuma kayan mahaifi ne, kada ka koya a kansa. Ranar Alhamis ka shiga Kasuwar Dole ta Damagaram wajen masu tsofaffin ƙarafa, ka sayi wani mai araha ka fara da shi. Ka kuma samu maƙeri ka zauna gefen zugazugi da gawayin kirya, ka ga launin nan da idonka. Ƙota kuwa ka sa mata zobe a sama don kar bugu ya tsaga ta.