Ɓuntun shinkafa a cikin duro: gawayi zai fito ko mai?

Tambaya: Ina da injin casar shinkafa a Wurno, ɓuntu ya taru mini tsibi-tsibi a bayan shago. An ce idan aka gasa shi a rufaffen duro yana fitar da man da za a zuba wa janareta. Gaskiya ne?

Amsa: Malam, wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba, amma ya rage maka zance. Aikin sunansa fairolisis, wato gasa kayan tsiro a rufe yadda iska ba za ta shiga ba. Idan iska ta samu hanya, ɓuntun cinyewa zai yi ya bar maka toka. Idan babu ita, zafi ne zai farfasa shi ya ba da gawayi, da tururin da ke komawa baƙin ruwa in ya huce, da iskar gas mai kama wuta.

Wanda zai fi yawa a cikinsu ya danganta da zafin wutar da kuma saurin hawanta. Gashin hankali, na awa da awanni a wajen digiri 400, gawayi yake bayarwa, kusan kashi ɗaya bisa uku na nauyin busasshen abin da aka zuba. Shi kuwa mai, sai an niƙa kayan, an busar da su har damshinsu ya sauka zuwa kashi 10 cikin 100, an cilla su cikin zafin digiri 500 nan take, sannan a janye tururin a sanyaya shi kafin daƙiƙa biyu. A masana'antu, cikin yashi mai zafi da ake hurawa yana tafasa ake yin wannan. Duro ba zai iya ba. Abin da zai ɗigo maka kwalta ce da ruwa mai tsami.

Ko man na masana'anta ma ba dizal ba ne. Kashi 15 zuwa 30 nasa ruwa ne, tsaminsa yana cin ƙarfe, ƙarfinsa bai kai rabin na dizal ba, kuma idan ya daɗe a ajiye kauri yake yi. Ka zuba wa janareta, ka nemi bakanike.

Don haka ni gawayin nake ba ka shawara. Sai dai ɓuntu yana da halinsa: yakan danƙare, zafi ya ƙi kaiwa tsakiya, ka buɗe duro ka tarar gefe ya yi baƙi, ciki ɗanye. Manoman Filifin sun samo dabara. Sukan kifa gwangwani mai huji-huji da dogon bututu a kan 'yar wuta, su tula ɓuntun kewaye da shi, baƙin ya riƙa cin hanya daga ciki zuwa waje. Ka sa ido a hayaƙi. Fari na farko damshi ne ke fita. Mai kauri, ruwan ɗorawa, shi ne aikin ya kankama. Da tsibin ya yi baƙi duka, baza shi ka yayyafa ruwa, in ka yi jinkiri toka za ka kwasa. A fili za ka yi, nesa da ɗaki da rumbu, domin a cikin hayaƙin akwai iskar da ke kisa ba tare da an ji warinta ba.

Kada ka sa ran zai yi zafin gawayin kirya. Kusan kashi ɗaya bisa biyar na ɓuntu toka ce, yawancinta silika, sinadarin yashi, don haka ko an cura shi da sitacin rogo tokarsa yawa gare ta. Inda yake da daraja shi ne gona. Jigawar Sakkwato ba ta riƙe ruwa, shi kuma wannan gawayi kamar soso yake, yana riƙe damshi da taki a gindin shuka. Amma kada a zuba shi tsura, don da farko yakan tsotse abincin ƙasa. A cuɗa shi da takin dabbobi, a jiƙa, a bar shi mako biyu ko fiye kafin a kai gona. Idan kana son a duba maka ƙirar tukunyar kafin ka kai wa mai walda, akwai Cibiyar Binciken Makamashi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.