Amsar tambaya kan Leah Wilkinson da tutoci biyu da ta bugawa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, da fatan an yini lafiya. Ƙanena, na saurari tambayar da ka ajiye jiya da dare, inda ka ce ka ga an kira Leah Wilkinson 'yar wasan Wales, amma kuma lambar Olamfik da ta ciyo an rubuta ta ne da sunan Birtaniya, shin ƙasa ta sauya ko kuwa masu rahoton ne suka yi kuskure. Babu kuskure a ciki, kuma ba ta sauya ƙasa ba, tsarin ƙwallon gora, wato hoki, haka yake a can.

A gasar Kwamanwel, wato ta ƙasashe rainon Ingila, da gasar nahiyar Turai, Wales da Ingila da Sukotland kowacce tana shiga da tutarta. Amma a Olamfik ba a san da Wales ita kaɗai ba, sai tawaga guda ta Birtaniya, wadda ake tace ta daga yankunan uku. Da yake Ingila ta fi yawan jama'a da kulob-kulob da kuɗi, 'yan wasanta ne suke cika yawancin guraben, shi ya sa duk ɗan Wales da ya kutsa cikin tawagar, to ba ƙaramin gumi ya zubar ba.

An haifi Leah Wilkinson a watan Disamba na 1986 a garin Burton da ke Ingila, kuma 'yar baya ce a fili. Ta fara bugawa Wales a 2004, tana 'yar shekara goma sha bakwai. Wasanta na kulob a gasar Ingila ta yi shi, kamar yadda mafi yawan fitattun 'yan Wales suke yi, domin can ne gasar ta fi zafi. Ta taka leda da kulob ɗin ɗaliban jami'ar Loughborough, ta daɗe a Holcombe da ke yankin Kent, daga baya ta koma Surbiton.

Abin da nake so ka kula da shi, ƙanena, shi ne shekarun da ke tsakanin 2004 da 2019. Shekara goma sha biyar cur tana sa rigar Wales ba tare da ta bugawa tawagar Birtaniya ba. Wannan wasa ba kamar ƙwallon ƙafa yake ba, ba ya ciyar da mafi yawan masu yin sa, saboda haka malamar makaranta ce, darasin tarihi take koyarwa. Da rana tana aji, da yamma tana atisaye, ƙarshen mako tana kan hanya. A haka ta je gasar Kwamanwel ta Delhi a 2010, da ta Glasgow a 2014, da ta Gold Coast a 2018, shekarar da aka ɗora mata kyaftin ɗin tawagar. A watan Yuni na 2019 ta buga wasanta na 158, wanda ya sa ta zarce kowane ɗan wasa, namiji ko mace, a yawan wakiltar Wales. Ni a ganina wannan ya fi lambar da ta zo daga baya nauyi, ko da yake duniya lambar ta fi sani.

A watan Oktoba na 2019 ne, ƙarƙashin mai horarwa Mark Hager, ta fara bugawa Birtaniya, a wasa da Indiya, tana da shekara 32, shekarun da wasu ke shirin rataye sandarsu. Sai annobar korona ta ɗage Olamfik ɗin Tokyo zuwa 2021, ta ƙara mata shekara guda ta jira. A Tokyo Birtaniya ta fitar da Sifaniya a bugun raba gardama, inda mai tsaron raga Maddie Hinch ta hana ko ɗaya shiga, sannan Holand ta lallasa su da ci 5 da 1 a wasan kusa da na ƙarshe.

Wasan neman tagulla, ranar 6 ga Agusta, da Indiya aka sake haɗuwa. Birtaniya ta fara cin biyu, sai Indiya ta zura uku cikin 'yan mintoci kafin hutun rabin lokaci, Gurjit Kaur ta ci biyu, Vandana Katariya ta ci ɗaya. Bayan an dawo kyaftin Hollie Pearne-Webb ta rama, Grace Balsdon kuma ta ci ta huɗu, aka tashi 4 da 3. 'Yan Wales biyu ne suka rataya tagulla a ranar, ita Wilkinson mai shekara 34, da Sarah Jones 'yar Cardiff, wadda suka yi Holcombe tare.

Shekara guda bayan haka, a gasar Kwamanwel ta Birmingham ta 2022, ta sake sa jar rigar Wales, yayin da waɗanda suka ci tagulla tare suka watsu, wasu a tawagar Ingila, Sarah Robertson kuma a ta Sukotland. Wassalamu alaikum.