Zugin Ƙafa da Bitamin B

Tambaya: Likita, shekara 6 ke nan ina shan metformin saboda ciwon sukari, kuma da dare tafin ƙafata yana zugi kamar ana soka mini allura. Ko in sayi bitamin B a kemis?

Amsa: Hajiya, kada ki fara da kemis. Daɗewa ana shan metformin yana rage bitamin B12 a jiki, ƙarancinsa kuma yana lalata jijiyoyi, amma sukarin da bai daidaita ba shi ma yana kawo irin wannan zugi, don haka gwajin jini ne zai raba gardama. Idan B12 ne ya yi ƙasa, za a ba ki ƙwaya ko allura, ki haɗa da cin hanta, ƙwai da nono. Ki kiyayi yawan shan B6, domin idan ya wuce kima shi kansa yana illata jijiya.